Zuwa ga ɗana, a kan abin da ya tarar a zuciyarsa

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna nan lafiya, ni da mahaifiyarka da ƙannenka, sai godiya ga Allah. Saƙonka ya iso ni da dare. Na karanta sau uku, na ɗauki waya zan kira ka, sai na ajiye. A waya zan yi ta cewa "ba komai, ba komai", kai kuma ka ce "to, Baba", mu rabu ba wanda ya faɗi abin da ke ransa. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka ce an zaɓi abokinka ya shugabanci zumuntar matasa, kai ne ka fara tashi ka rungume shi, amma kana rungumarsa cikinka na ƙuna. Ka ce da ya miƙe zai yi jawabi harshensa ya sarƙe, kai kuwa ka ji wani sanyi ya ratsa ka, daɗi ka ji. Tun ranar addu'a ta gagare ka, ka ƙi zuwa Jibin Ubangiji, inda muke cin gurasa mu sha ƙoƙo don tunawa da mutuwar Almasihu, yanzu kana tambayata ko dama can kai ba mai bi ba ne, ko baftismarka wanka kawai ka yi.

Ba zan ce maka abin ƙarami ne ba. Hassada ce, sunanta ke nan, kuma ita ta ci Sarki Saul. Ka tuna, waƙa ɗaya mata suka rera, wai Saul ya kashe dubbai, Dawuda kuwa dubbai goma, daga ranar Saul ya sa wa Dawuda ido har ya mutu bai huta ba. Don haka ka yi daidai da ka tsorata. Inda ka kuskure shi ne mamakin da ka yi. Ka yi mamaki kamar wanda ya tarar da ɓarawo a ɗakinsa, alhali abin da ka tarar ɗan gida ne, a nan aka haife shi.

Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ka ba. Kana ƙarami, na gaba da ni a wurin aiki ya kwanta ciwo mai tsanani. Na je duba shi, na zauna a bakin gado, na riƙe hannunsa, duk ya rame, jijiyoyin sun fito. Na yi addu'a da ƙarfi, har matarsa tana share hawaye. Bakina yana cewa "Ubangiji, ka tashi bawanka", a ƙarƙashin maganar kuwa wata murya tana lissafi a hankali: in bai tashi ba, wa za a ba kujerarsa? Ni ne na biyu. Bayan makonni ya warke ya dawo. Na tarye shi a ƙofa na ce "mun gode wa Allah", amma ni na san wani abu ya faɗi a cikina. A lokacin ina koyar da Littafi Mai Tsarki a ikkilisiya, ana kirana mutumin kirki, ni ma na yarda da haka. Ko mahaifiyarka sai bayan shekaru na iya gaya mata.

A daren nan ne na fara karanta Irmiya 17:9 da idon wanda ake magana a kansa. Ayar ta ce zuciya ta fi komai yaudara, ciwonta ya wuce magani, wa zai iya saninta? Da can ina karanta ta ne a kan wasu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kalmar da aka fassara "yaudara" a wurin, a Ibrananci tushenta ɗaya da sunan Yakubu, wanda ya fito daga ciki riƙe da diddigen wansa, daga baya ya sa tufafin wan ya karɓe albarka a gaban tsohon da ba ya gani. Haka zuciya take: ta iya sa tufafin wani, ta iya muryar addu'a. Kuma wanda ta fi yaudara shi ne mai ita, gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ka lura, in Littafi ya ce "zuciya", ba wurin so da ƙauna kaɗai yake nufi ba. Nan ne mutum ke tunani, nan yake ƙulla niyya, nan yake yanke shawara, kamar dai yadda muke cewa "zuciyata ta ba ni" ko "na sa a zuciya". Saboda haka in aka ce zuciya ta lalace, ana nufin mutumin ne ɗungum, har da ma'aunin da yake auna kansa da shi.

Wani abu da ya daɗe yana ba ni tsoro yana cikin Farawa. Kafin ruwan tsufana, a sura 6 aya 5, Allah ya duba ya ga dukan tunanin zuciyar mutum mugunta ne kullum. Aka yi ruwa, aka share duniya, mutum takwas suka fito daga jirgi, zaɓaɓɓu. Sai a sura 8 aya 21 Allah ya sake faɗin kusan magana ɗaya: tunanin zuciyar mutum mugu ne tun yana yaro. Ruwan da ya rufe duwatsu bai kai ga zuciya ba, ta shiga jirgi tare da Nuhu ta fito tare da shi. Yesu ma haka ya faɗa a Markus 7, ranar da Farisiyawa, masu tsananin bin dokokin addinin Yahudawa, suka tsare shi a kan almajiransa ba su wanke hannu ba. Ya ce daga ciki ne ƙazanta ke fitowa, ya jera su: fasikanci, sata, kisa, kwaɗayi, algus, girman kai da sauransu. A cikin jerin akwai hassada, kuma a Helenanci kalmar ita ce "mugun ido". Idon da ka kalli abokinka da shi ke nan. Ka ga ashe an san da zamansa tun kafin a haife ka.

Magabatan ikkilisiya sun sha fama da wannan. Agustin na Hippo, wanda aka haifa a shekara ta 354 a Arewacin Afirka, ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya ba da labarin yadda yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka je da dare suka kakkaɓe 'ya'yan itacen wani. Ba yunwa yake ji ba, akwai waɗanda suka fi su kyau a gidansu, ƙarshe ma aladu suka zuba wa. Ya girma, ya zama bishop, amma bai daina tambayar kansa ba: me na so a daren nan? Amsar da ya samu ita ce laifin kansa ya so. Daga baya ya yi doguwar muhawara da Pelagiyus, wanda ke koyar da cewa mutum zai iya kiyaye umarnin Allah in ya ɗaura niyya, kuma majalisar shugabannin ikkilisiya da ta zauna a birnin Kartaj a shekara ta 418 ta ƙi wannan koyarwa. Martin Luther ya ce mutum ya lanƙwashe ne ya juyo kan kansa, har abin kirkin da yake yi kansa yake nema a ciki. John Calvin kuma ya kira zuciya maƙerar gumaka. Ikkilisiyoyi sun sha bamban a kan iyakar ɓarnar da kuma yadda nufin mutum ke amsa alherin Allah, kuma in ka zo za mu yi gardamarmu a kai. Amma Katolika ne ko Otodoks ko Furotesta, ba wanda ke koyar da cewa mutum zai warkar da zuciyarsa da ƙarfin kansa.

To, yanzu ga abin da ya sa na rubuta. Wata ɗaya da ya wuce, da an tambaye ka, da ka ce zuciyarka fara ce, don ita ta gaya maka haka. Yau ita ɗin ce dai ke gaya maka kai munafuki ne, ba ka da rabo, kada ka matso kusa da teburin Ubangiji. Jiya ta wanke ka ka yarda, yau ta kama ka ka sake yarda. Wa ya naɗa ta alƙali? Shaidar da aka kama da ƙarya a shari'ar farko, ba a ba shi kujerar alƙali a ta biyu. Irmiya da ya yi tambayar "wa zai san ta?", aya ta gaba ta amsa masa: ni Ubangiji ne mai binciken zuciya. Manzo Bulus ya ce wa Korintiyawa ko shi ba ya yi wa kansa shari'a, lamirinsa bai kama shi da komai ba amma wannan bai kuɓutar da shi ba, Ubangiji ne mai shari'arsa. Yohanna kuwa ya kama ɗaya bakin zaren a wasiƙarsa ta fari, sura 3 aya 20: in zuciyarmu ta kayar da mu, Allah ya fi zuciyarmu girma, ya kuma san komai. Ka riƙe "ya san komai" ɗin nan. Ranar da ka shiga ruwan baftisma ya riga ya san abin da za ka ji a ranar zaɓen nan. Kai ne abin ya zo wa sabo.

Ana cewa hali zanen dutse ne, ba mai kankarewa. Irmiya ya yarda da haka, don a farkon surar ya ce zunubin Yahuza an zana shi da alƙalamin ƙarfe a kan allon zuciyarsu. Amma ka duba abin da Allah ya faɗa ta bakin Ezekiyel ga mutanen da ke zaman bauta a Babila, bayan an ƙone Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. A sura 36 aya 26 bai ce zai goge zanen ba. Cewa ya yi zai cire dutsen gaba ɗaya, ya sa zuciya ta nama, ya kuma sa Ruhunsa a ciki. Dawuda ya gane wannan bayan Annabi Natan ya tsaya gabansa a kan zinar da ya yi da Batsheba da kisan mijinta Uriya. A Zabura 51 ya roƙi Allah ya halitta masa zuciya mai tsarki, kuma kalmar "halitta" da ya yi amfani da ita, ita ce ta ayar farko ta Farawa, aikin da Allah kaɗai ke yi.

Ɗana, dutse ba ya jin zafi. In ka soka masa allura ba zai motsa ba. Kai kuwa ka kwana nawa ba barci a kan wani daɗi na daƙiƙa ɗaya da ba wanda ya gani? Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mutumin da zai rungumi abokinsa da wannan ƙuna a ciki ya koma gida ya yi barcinsa har da minshari. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta yi kashedi a kan wannan, wato taurarewa ta hanyar yaudarar zunubi, kuma a hankali take zuwa, ba a jin shigarta. Ka tuna mutum biyun da suka je Haikali addu'a a Luka 18. Ɗaya ya tsaya yana lissafa azuminsa sau biyu a mako da zakkarsa, kuma ban ga inda aka ce ƙarya yake yi ba. Ɗayan ya tsaya nesa, ya kasa ɗaga ido, yana bugun ƙirji. Ka san na biyun ne ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a gaban Allah.

Kada ka ji wannan ka ce shi ke nan, an gama. Sabuwar zuciya tana zaune ne gida ɗaya da tsohon hali, Bulus kansa ya koka a Romawa 7 cewa nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba. Ni da furfurata har yanzu muryar lissafin nan takan tashi, bambancin dai yanzu na san muryarta, kuma na san inda zan kai ƙararta. Kuma kada ka mai da binciken zuciya sana'a, kana tono kana tono dare da rana. Wannan ma wata lanƙwasa ce zuwa kan kai. Ka yi addu'ar ƙarshen Zabura 139, ka ce ya bincike ka, ka bar masa fitilar a hannunsa.

Abin da nake so ka yi kaɗan ne. Ka faɗa wa Allah abin da sunansa, kada ka ce "kasawa" ko "rauni", ka ce hassada. Ka koma Jibin Ubangiji. A daren da aka kafa shi, Luka ya ce almajirai gardama suke yi a teburin a kan wane ne babba a cikinsu, kuma su ɗin aka miƙa wa gurasa da ƙoƙo. Ka riƙa ambaton sunan abokinka a addu'a kowace safiya, ka roƙa masa nasara a aikin, ko da farko bakinka ne kawai ke faɗa. In ya nemi taimako ka ɗauki aikin da ba a gani, jera kujeru ko rubuta rahoton taro. Ko za ka gaya masa abin da ka ji, wannan ka yi shawara da fastonku tukuna, don wani furcin sauke kaya ne a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Kafin ka kwanta yau ka karanta Yohanna 21, daga aya 15 zuwa 22. Bitrus, wanda ya rantse ko kowa ya gudu shi ba zai gudu ba, ya kuma yi musun sanin Yesu sau uku, an mai da shi bakin aiki. Nan da nan ya waiga ya ga ɗaya almajirin, ya ce, "Ubangiji, wannan fa?" Ka karanta amsar da aka ba shi, sa'an nan ka kira ni mu yi magana.

Mahaifiyarka ba ta ga saƙonka ba, ban nuna mata ba, in ka so ka gaya mata da bakinka. Tana gaishe ka ƙwarai, ta ce ka yi shiru da yawa kwanan nan. Ƙannenka ma suna gaisuwa.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai.

Ni ne,
Mahaifinka