A Daina Sayar Da Bindigogin Gado

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in yi kira ga matasanmu, yanzu sai ka ga yaro ya ɗauki adakar kakansa, bindigar da maƙerin garinsu ya ƙera da hannu, ƙotarta duk ta yi santsi saboda riƙo ga layu ɗaure a jiki, ya kai wa 'yan gwangwan su auna a kilo. Wallahi abin na min ciwo. Da irinta ake farauta, da ita 'yan bindigar sarki ke buga albarushi ran hawan Daushe. In tsoron hukuma ne ai dokar makamai ta 1959 ta tanadi lasisi, je ka nema. In ba za ka iya riƙewa ba ka tuntuɓi gidan adana kayan tarihi na Gidan Makama a Kano ko za su adana.

Naku,
Mai karatu daga Kano