Wasan Sayen Mota da Mutuncin Agola

Zuwa ga Edita,

Ina so in yi tsokaci a kan wani wasan barkwanci da aka nuna a talabijin kwanan baya, inda maigida ya tafi sayen mota tare da amaryarsa da 'ya'yansa da agolansa. Marubutan sun yi ƙoƙari wajen nuna dillali yana bubbuga taya, yana rantsuwar cewa jiya motar ta iso daga Kwatano da takardun kwastam cikakku, alhali gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu tun Janairun 2017. Sai dai ban ji daɗin yadda aka mai da agola abin dariya ba, har aka cusa shi a but wai kujeru sun cika. A gidaje da yawa a nan Gombe, agola yana zaune cikin 'yan'uwansa ana kallon wasan, kuma shi za a tsokana washegari.

Wani mai karatu,
Jekadafari, Gombe