A riƙa ba mu labarin tseren MotoGP

Ranka ya daɗe Edita,

Shafinku na wasanni ƙwallo ne kawai, alhali a Maradi masu bibiyar tseren moto suna da yawa, kuma har yanzu ana maganar tseren Ostiriya na 2021 a MotoGP, babbar gasar tseren moto ta duniya.

Saura zagaye uku ruwa ya goce. Doka ta yarda direba ya shiga ya sauya moto mai tayar ruwa, manyan da ke gaba kuwa, su Marc Márquez da Bagnaia, duk suka shiga. Brad Binder ɗan Afirka ta Kudu ya ƙi, ya ci gaba a kan motonsa ƙirar KTM da tayar rani marar zane. Wannan taya sai ta yi zafi kusan digiri 100 take kama kwalta. Ruwa na taɓa ta sai ta huce, ga shi ba ta da ramukan fitar da ruwa. Birkin kabon ma idan ya huce ba ya ci. Haka ya lallaɓa, kusan ba birki, ya zo na ɗaya, domin lokacin da sauran suka ɓata wajen sauya moto ya fi wanda santsi ya ci masa.

Johann Zarco kuma tayar ruwa ya tashi da ita a Le Mans a 2025, ya zama Bafaranshe na farko da ya ci a gida tun 1954.

'Yan kabu-kabu dai su sani, tayar da ta suɗe ba irin ta Binder ba ce. Don Allah ku ware wa wannan wasa ko da rabin shafi.

Masu bibiyar tseren moto,
Maradi