Zuwa ga kwastomominmu masu rikodar DVD a gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, yayyenmu da ƙannenmu, duk wanda ya taɓa sayen rikodar DVD a shagonmu ko ya kawo mana gyara, muna gaishe ku, ya gida ya iyali, ya haƙuri da yanayin gari. Saƙon ya ɗan yi tsawo, ku daure ku karanta, magana ce da muke ta maimaitawa kullum a shago sai muka ga gara a rubuta kowa ya samu, wanda ya karanta kuma dan Allah ya faɗa wa mutanen gida da ba sa duba waya.

Maganar ita ce, in kuna da faifan da kuka ɗauka da rikodar gidanku kuma ba ku rufe shi ba, ku rufe shi yanzu tun injin yana aiki.

Mutane da yawa ba su ma san ana rufe faifai ba. Kun ɗauki tafsirin azumi daga talabijin, ko kun juye kaset ɗin bikin 'yarku, kun kunna ya nuna lafiya lau, kun cire kun sa a gidansa kun ajiye a durowa, a ganinku an gama. To da saura. Injin ya rubuta hoto da murya amma bai rubuta abin da zai gaya wa wani injin daga ina aka fara ina aka tsaya ba, kamar littafin bashi ne da mai shagon kaɗai ke gane rubutunsa. Sai kun ɗauki rimot kun shiga menu, wajen saitin faifai, kun nemo inda aka rubuta Finalize kun danna kun jira ya gama, sannan faifan zai yi a kowane DVD. Kafin nan injin da ya rubuta shi kawai ke karanta shi, ko wani na kamfani ɗaya in an yi sa'a. Shi ya sa ake kai faifai gidan surukai a saka ya ce No Disc, ko a sa a kwamfuta ta ce babu komai a ciki har ta nemi a yi masa fomat. Kar ku kuskura ku danna, in DVD-RW ne ya goge kenan.

Ku duba rubutun da ke jikin faifan. DVD-R da DVD+R dole sai an rufe. DVD-RW ma a rufe shi. DVD+RW yawanci ba ya buƙata. DVD-RAM kuma, wanda masu Panasonic suka fi sani, ba a rufe shi amma injinan da ke karanta shi kaɗan ne, don haka shi ma a juye abin da ke ciki zuwa wani waje.

Me ya sa muke ta matsa muku yanzu? Saboda injinan nan sun tsufa, gaskiyar kenan. Pioneer ta fitar da rikodar DVD ta farko a Japan a 1999, Panasonic ta biyo a 2000, Philips a 2001, kuma mafi yawan waɗanda suka zo hannunmu a nan ba sababbi ba ne, 'yan Beljiyam ne da suka gama aiki a falon wani a Ingila ko Jamus kafin su hau jirgin ruwa. Yanzu kusan duk kamfanonin sun daina ƙera irinsu. Abin da ke fara mutuwa shi ne idon injin, wato ɗan gilashin nan mai haske da ke karanta faifai yana kuma rubuta shi, saboda rubutu yana cin ƙarfin ido fiye da karatu nesa ba kusa ba. Alamar da za ku lura da ita, injin yana nuna fim ɗin kasuwa lafiya amma in kun sa sabon faifai sai ya yi ta juyi yana ƙara ya turo shi waje, ko ya fara ɗauka ya tsaya a tsakiya. In kun fara ganin haka to ku bar ɗaukar sabon abu, ku tattaro tsofaffin faifan ku rufe su ɗaya bayan ɗaya, don rufewar ma rubutu ne, ranar da idon ya daina rubutu ba zai iya rufe muku komai ba.

A nan ne muke so mu sanar da ku abin da ya canza a wajenmu. Daga yanzu ba za mu ƙara yi wa kowa alƙawarin canjin ido ba. Sabo ba ya samuwa, wanda muke sakawa daga jikin wani mataccen inji muke cirowa, shi ma ya sha aiki, kuma ba ma jin daɗin mu karɓi kuɗin mutum bayan ɗan lokaci ya dawo da matsala iri ɗaya. In mun samu wanda muka yarda da shi za mu faɗa muku na hannu ne kafin mu sa. Amma gyaran ɓangaren wuta, canjin kafasito da suka kumbura, bel ɗin tire da ya saki, nemo rimot, duk muna yi kamar da. Wani injin da kuke ganin ya mutu, yana ta rubuta Please Wait ko ya ƙi kunnuwa gaba ɗaya, kafasito ne kawai, kar ku ba 'yan gwangwan sai mun duba.

Sai maganar wuta. Wallahi babu abin da ya kashe wa mutane faifai irin ɗaukewar nepa ana tsakiyar rufewa. In kuna da inbata ko UPS ku jona a can. In janareta ne ku tabbatar akwai mai isasshe kuma ba lokacin da ake kunna firji da injin ruwa ba. In babu ko ɗaya ku kawo nan mu yi muku a kan sola. Wanda kuma ɗan uwa ya aiko masa da inji daga Amurka, na can wutar 120 yake sha, tamu 230 ce, in babu sitefdawun, wato na'urar rage ƙarfin wuta, ƙonewa zai yi nan take, kuma tsarin hotonsu NTSC ne namu PAL. Ƙurar hunturu ma tana gama ido da wuri, ku rinƙa rufe injin da ƙyalle in an kashe shi, kuma kar a ɗora masa dikoda a kai, zafi yana tarar masa.

Ga masu ci gaba da ɗauka, faifai ɗaya 4.7GB ne, ba ya ƙaruwa. Saitin ɗauka da kuka zaɓa a injin shi ke nuna awa nawa zai ci: XP awa ɗaya, SP awa biyu, LP awa huɗu, EP awa shida. Duk awar da kuka ƙara daga kyan hoton ake cire ta. Tafsiri ko karatun littafi da malam ke zaune wuri ɗaya, LP ya isa, muryar ake so. Amma biki, walimar saukar karatu, hawan sallah, duk inda ake motsi da kala-kala, mu a ganinmu kar a wuce SP. Mun sha ganin kamu an matse shi a EP, ana fara liƙi ana juyi sai leshin amarya ya farfashe ya koma ƙananan murabba'i, fuskar kakar da ake son a gani ba a ganin komai sai inuwa. Gara ku sayi faifai uku. Kuma in daga talabijin kuke ɗauka, abin kama tasha na cikin tsofaffin injinan analog ne, Najeriya kuwa ta fara komawa dijital tun 2016 daga Jos, don haka ta dikoda za ku bi, da wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, ko mai faɗin kan nan da ake kira SCART. Injin ba ya karɓar hoto ta HDMI.

Shi kansa faifan ba dawwamamme ba ne. Wannan kalar shunayya da kuke gani a ƙasansa rini ne, a cikinsa ido ke ƙona rubutun, kuma rana da zafi suna cinye shi. Kar a bar shi a gaban mota ko bakin taga. A rubuta suna da maka mai laushi, ba biro ba, kar a manna masa sitika, in za a goge a fara daga tsakiya zuwa baki ba zagaye ba. Faifan kirki ma ya yi wuya tun da Taiyo Yuden ta Japan ta daina yi a 2015, masu arhan nan marasa suna da ake sayarwa a dami ba ma ba ku shawarar zuba musu abin tarihi.

Masu injin da ke da hadis, wato hard disk, a ciki, kar ku saki jiki. In injin ya mutu ba cire hadis ɗin ake yi a jona a kwamfuta a kwashe kamar fulash ba, tsarin ajiyarsa daban ne, fito da abu aiki ne mai wuya kuma ba kullum ake dacewa ba. Ku juye zuwa faifai yanzu. Haka masu kaset ɗin bidiyo na da, kamfanin Funai da ya rage yana ƙera injinsa ya daina a Yulin 2016. In kun ga farin abu kamar gari a jikin zaren ta tagar kaset ɗin, fumfuna ce ta damina, kar ku saka a inji, zai ɓata kan injin ya kuma tsinke zaren. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, tsohon kaset da aka ɗauka daga talabijin a can yakan fito baƙi da fari a injinmu na nan saboda tsarin hotonsu SECAM ne ba PAL ba, ku faɗa mana tun farko.

Bayan an rufe, shawararmu a yi kwafi biyu, ɗaya a faifai ɗaya a fulash ko hadis na waje, in da hali ma a ba wani ɗan uwa a wani gida ya ajiye, don fulash shi ma yana mutuwa ba sallama.

Akwai abin da muka san yana hana iyayenmu mata kawo faifansu, kuma suna da gaskiya. Bidiyon kamu da sa lalle da suna na cikin gida ne, mata ne a sake ba mayafi, ba wanda zai so ya ga na gidansu yana yawo a WhatsApp. Hajiya, in kin kawo, ke ko ɗanki ku zauna a yi a gabanku, a goge daga kwamfutarmu kuna kallo kafin ku tashi. In kin fi so 'yar uwarmu da ke aiki tare da mu ita za ta yi, allon a juye ba mai gani. Ba ma ajiye kwafin kowa. Fim ɗin kasuwa kuma, na Hausa ko na waje, ba ma juyewa, haƙƙin masu shi ne, kar a ga kamar mun ƙi mutum.

In za ku zo ku taho da injin kansa, da rimot ɗinsa don yawanci sai da shi ake shiga menu, da duk faifan har waɗanda kuke zaton sun lalace, kar ku ware da kanku. In injin ya riga ya mutu ku faɗa mana sunan kamfanin da lambar da ke bayansa, muna da wasu da muka ajiye musamman don rufe faifan mutane. Da safe ya fi sauƙi, bayan la'asar akwai cunkoso, ranar Juma'a kuma sai an sauko daga masallaci muke buɗewa.

Allah ya bar zumunci, ya sa wa kasuwa albarka.

Naku,
dukkan ma'aikatan shago