A fadamarmu man fetur shi ne ruwan gona

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarku in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni manomin rani ne a fadamar Haɗeja, na haura shekara ashirin a wannan sana'a, da ita nake ci da iyali, da ita na sa yara a makaranta.

Duk lokacin da aka tayar da zancen tsadar man fetur, hoton da ake nuna mana na layin motoci ne a gidajen mai na Abuja ko Legas, sai a ji ta bakin mai mota da ma'aikacin ofis. Ba na raina wahalarsu, Allah ya sani. Amma mai mota yana iya jingine motarsa ya hau ta haya. Ni kuwa in na kashe injin ban-ruwa na mako guda a watan Maris, sanda rana ta buɗe, shikenan aikin wata uku ya ƙone a kan idona. A wajenmu fetur shi ne ruwan da shuka ke sha, kuma wannan ɓangaren ne ban cika ganin ana rubutawa ba.

Bari in yi maka lissafin gonata. Ina da kadada guda ta shinkafa da nake shayarwa da ƙaramin inji daga bututun da muka kafa a ƙasa. Kowane shayi yana cin kamar lita goma, sau biyu a mako, har kusan wata huɗu kafin a yanke. Ka ga an haura lita 300 ke nan. Lokacin da lita take ƙasa da naira 200, kuɗin man kaka guda bai fi naira dubu 60 ba, ɗan akuya biyu zan kai kasuwa in rufe shi. Da lita ta haye naira dubu, wannan gonar dai, wannan injin dai, sai da suka ci mini sama da naira dubu 300, ban sayi taki ba, ban sayi maganin feshi ba, ban biya 'yan dashe ba.

Kowa ya san ranar da abin ya faro. Ranar 29 ga Mayu, 2023, a wajen rantsar da shi, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin mako ya zagayo lita ta haura naira 500 a nan Arewa. A watan Yuli ta wuce 600. Aka kuma saki darajar naira a watan Yunin shekarar, dala ta yi tashin gwauron zabo, tunda kuwa da dala ake shigo da man, dole farashinsa ya bi ta. A watan Satumban 2024 lita ta kusa 900 a gidajen man kamfanin mai na ƙasa, NNPC, a Oktoba ta tsallake dubu a Abuja. Matatar Ɗangote da ke Legas ta fara fitar da fetur a wannan Satumbar, kuma a 2025 an ɗan ga sauƙi, ba zan ɓoye ba. Sai dai sauƙin da ya bar mutum yana biyan ninki huɗu na abin da ya saba, manomi bai ji shi a aljihu ba.

Farashin da ake faɗa a rediyo ma ba shi muke saye ba. A da akwai asusun da ke biyan kuɗin dakon mai daga Kudu zuwa Arewa don farashi ya zo kusan ɗaya a ko'ina. Yanzu babu wannan, tankar da ta taso daga Legas ta yi tafiyar sama da kilomita dubu, mu ne za mu biya mata hanya. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 don ta riƙe wannan yanki ta yi shekaru ba ta tace komai. Daga gidan mai na gari kuma sai man ya bi ta hannun 'yan bumburutu kafin ya iso ƙauye a galan da kwalba, kowa da ɗan abin da zai ɗora. Wanda ya fi kowa nisa da talauci, shi ya fi kowa biya.

Mun yi dabaru iya iyawarmu. Da yawa daga cikinmu sun kai injinansu wajen makanikai an juya su suna aiki da tukunyar gas ta girki, aka ɗan sarara, sai gas ɗin ma ya tashi. Wasu sun rage gona, mai kadada biyu ya koma rabi. Wasu sun bar shinkafa sun koma abin da ba ya shan ruwa da yawa. Akwai matasan da na sani da hannuna na koya musu dashe, yau suna Legas da Fatakwal suna acaba ko turin baro, fadamar iyayensu tana kwance. Sannan da gwamnati ta ɗage harajin shigo da hatsi a 2024, farashin shanshera da masara ya faɗi a shekarar da ta biyo baya. Na yi wa mai saye murna, don yunwa ba ta da daɗi, amma mu da muka noma da man dubu da taki mai tsada, da yawanmu ko uwar kuɗi ba mu mayar ba.

A cikin gida ma haka abin yake. Mai ɗakina tana kai niƙa, kwanon da ake niƙawa a kuɗi kaɗan ya ninka har ta koma surfe da daka a turmi kamar zamanin iyayenmu, ga shekaru sun fara ja. Mace na naƙuda da dare, ɗan acaban da zai kai ta asibiti sai ya faɗi kuɗin da maigida zai tsaya yana zagaya maƙwabta neman rance, shi ma ɗan acaban ba laifinsa ba ne, man ya saya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zumunci. An yi mana rasuwa a Gashuwa, ƙanwar mahaifiyata wadda ta goye ni, a waya na yi ta'aziyya saboda kuɗin mota zuwa da dawowa ya kai na man shayi biyu. Har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina.

Malam Edita, ba zan rufe wannan bayani ban ambaci Majiya ba. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta faɗi a wannan gari na ƙaramar hukumar Taura, kan hanyar da muke bi zuwa Kano. Mutane suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu, akasarinsu matasa, aka binne su a kabari na bai ɗaya. Bayan wata uku irin haka ta sake faruwa a mahaɗar Dikko a jihar Neja. Na ji masu cewa ganganci ne da kwaɗayi. Lallai kuskure ne babba, kuma ina roƙon 'ya'yanmu da su guje wa tankar da ta faɗi kamar yadda za su guje wa maciji. Amma a tambayi kai, me ya sa saurayi mai hankali zai tunkari mutuwa saboda jarka ɗaya? Jarka ɗaya a lokacin ta kai kuɗin da bai taɓa riƙewa a mako ba. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Ni ba na cikin masu cewa a dawo da tallafi yadda yake a da. Mu da ke kusa da iyaka mun ga yadda man da aka yi wa rangwame da kuɗin 'yan Najeriya yake tsallakawa ƙetare, mun kuma ji badaƙalar da aka bankaɗo bayan zanga-zangar Janairun 2012. Tambayata ɗaya ce: kuɗin da aka ce an yi tsiminsu da cire tallafin, ina suka shiga? An ce kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, gwamnoni ma ba su musa ba. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira dubu 30 zuwa dubu 70 a Yulin 2024, madalla, amma manomi ba ya layin albashi. Motocin da ake juyawa su koma amfani da iskar gas kuma ba su shafi mai injin ban-ruwa a bakin kogi ba.

Masu shekaruna suna tuna 1994, da gwamnatin Janar Sani Abacha ta kai lita naira 11, ta kafa PTF, hukumar yin ayyuka da rarar kuɗin mai, a ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari. An yi ta maganganu a kan lissafin hukumar daga baya, amma talaka ya ga kwalta, ya ga magani a asibiti da tambarinta a jiki, ya san inda ƙarin kuɗin mansa ya tafi. Irin wannan ganin da ido muke nema yanzu.

Kuma abin da zai fitar da mu ba ɓoyayye ba ne. Manoman da gonakinsu ke cikin aikin ban-ruwa na kwarin Haɗeja a wajen Auyo, inda ruwan da ake sakowa daga madatsun Tiga da Challawa ke bin magudanai da kansa, ba su san rabin wannan kukan namu ba. A faɗaɗa magudanan, a riƙa yashe su, a yaƙi ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa. Mu da ke nesa da magudana a ba mu injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana bashi, ta hannun ƙungiyoyinmu na manoma, mu biya bayan girbi cikin shekara biyu ko uku. Ba kyauta muke roƙo ba. Na ga wanda ya saya da kuɗinsa yana shayar da albasa tun safe har la'asar ba tare da ɗigon mai ba, kuɗin sayen farko ne kawai ya fi ƙarfin irina. Kuma don Allah in za a raba, a bi sunayen masu gona na gaskiya, kada a bi ta hannun 'yan siyasar da za su kai su kasuwa.

Ku ma ina da roƙo gare ku. Ku riƙa buga mana duk wata, da Hausa, nawa kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ta karɓa, don mu san abin da za mu tambayi wakilanmu in sun zo gida. Sannan ku turo wakilinku fadama a watan Fabrairu ko Maris, ya kwana biyu tare da mu, ya ƙirga gonakin da aka shuka da waɗanda aka bari, ya tambayi masu su dalili.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naka,
Manomin rani daga masarautar Haɗeja, jihar Jigawa