Zuwa ga ɗalibin da ya tambaye ni game da sarakunan Malesiya

Assalamu alaikum ƙanena,

Ranar Asabar a wajen lacca ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni: tunda Turawan Ingila sun bar sarakunan Malay a kan gadonsu, har yau kuma suna nan da rawaninsu, me ya sa nake cewa an yi musu mulkin mallaka? Aka kira sallah kafin in ba ka amsa, shi ya sa na rubuto.

A watan Janairun 1874 aka sa hannu kan yarjejeniyar Pangkor tsakanin Turawan Ingila da manyan jihar Perak ta ƙasar Malay. A lokacin jihar Perak tana cikin rikici biyu. 'Ya'yan sarki suna jayayya kan sarauta, ƙungiyoyin Sinawa masu haƙar kuza a Larut kuma suna ta yaƙar juna, kasuwancin Turawa ya tsaya. Sai gwamnan Ingila na yankin, Andrew Clarke, ya goyi bayan Raja Abdullah ya zama sarki, da sharaɗin ya karɓi Razdan a ƙasarsa. Yarjejeniyar ta ce dole a nemi shawarar Razdan, kuma dole a yi aiki da ita, a kan komai in ban da addini da al'adun Malay. Tattara haraji ma ya koma ƙarƙashin wannan shawara. To ƙanena, shawarar da ba ka da ikon ƙi, wane suna za ka ba ta?

Razdan na farko, James Birch, bai tsaya wata-wata ba ya hana hakimai karɓar kuɗin fito da suka saba karɓa a bakin koguna. Gaskiya ɗaya ce, ya kuma tsaya wa bayin bashi masu gudu daga iyayengijinsu, wannan ma yana cikin abin da ya fusata manyan ƙasar, kuma ba zan wanke su a kansa ba. A watan Nuwamban 1875 aka kashe shi a Pasir Salak. Ingila ta kawo sojoji daga Indiya da Hong Kong. Aka rataye Maharaja Lela, hakimin da ya jagoranci kisan, a 1877, shi kuwa Sarki Abdullah, wanda su da kansu suka ɗora, aka kai shi tsibirin Seshel, inda daga baya aka kai Prempeh Sarkin Asante. Sauran sarakuna sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta. A 1896 Perak da Selangor da Negeri Sembilan da Pahang suka shiga tarayya ɗaya ƙarƙashin Babban Razdan a Kuala Lumpur.

Ka kuma ambaci jirgin ƙasa da makarantu a matsayin alherin da Turawa suka kawo. Layin dogo na farko a ƙasar, wanda aka buɗe a 1885, ya tashi daga Taiping ne zuwa bakin teku a Port Weld, abin da bai kai mil goma ba, aikinsa fitar da kuza. Da roba ta yi daraja aka yi ta kwaso Tamilawa daga kudancin Indiya zuwa gonakin kamfanoni. Basine yana rami, Ba'indiye yana tsagar bishiya, ɗan Malay an ce ya zauna ya noma shinkafa, kowa da unguwarsa da makarantarsa. Wannan rabuwa tana cikin abin da ya ɓarke da jini a Kuala Lumpur ranar 13 ga Mayu, 1969, shekara goma sha biyu bayan samun 'yancin kai.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne jin tambayar daga bakin ɗan Arewa. A Sakkwato a watan Maris na 1903 Lugard ya faɗa wa manyan gari cewa ikon naɗa sarki da tuɓe shi da sa haraji ya koma hannun Ingila, amma ba za a taɓa addini ba. Ka ajiye wannan kusa da Pangkor ka duba. Hugh Clifford, wanda ya yi gwamnan Najeriya daga 1919 zuwa 1925, a ƙasar Malay ya koyi aiki tun yana saurayi, har ya yi Razdan a Pahang. A can an buɗe kwalejin Kuala Kangsar a 1905 don 'ya'yan sarakuna su zama ma'aikatan gwamnati. A nan shi Clifford ne ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922.

A wannan shekara ta 1922 ne aka bar Abdullah ya koma Perak, tsoho tukuf, kuma a cikinta ya rasu a Kuala Kangsar.

Ka gaida abokanka da kuka zo tare.

Wassalam,
Yayanka