Godiya ga shagon gyaran kwamfuta na PZ da ya ceto sabarmu

Assalamu alaikum.

Mu ma'aikatan sashen adana bayanai ne a wani ofishi da ke Tudun Wada, Zariya. Mun rubuto ne mu gode wa wani shagon gyaran kwamfuta da ke PZ a Sabon Gari, musamman matashin injiniyansu da ya duba sabarmu, wato babbar kwamfutar da muke adana bayanai a cikinta, mai faifan ajiya na SSD huɗu a tsarin RAID 5, tsarin da ke haɗa faifai su yi aiki tare yadda ko ɗaya ya mutu bayanai ba za su ɓace ba. Sabar ta yi nauyi, adana fayil ɗaya sai ka gaji da jira. Wurare biyu aka fara kai ta, bakinsu ɗaya: faifan sun mutu, a kawo kuɗin sababbi. Ko murfi ba su buɗe ba.

Shi kuwa injiniya kujera ya jawo, ya buɗe smartctl, manhajar duba lafiyar faifai, ya juyo mana da allon, yana bin layukan da kan biro. Kashi 11 cikin ɗari kacal aka ci na rayuwar faifan. Ashe ciwon yana wani wuri. SSD ba ta rubutu a kan gurbin da ke ɗauke da bayani sai ta share shi tukuna, kuma babban yanki take sharewa a lokaci guda. Umarnin TRIM ne ke sanar da ita guraben da aka daina amfani da su, amma yawancin katunan RAID, wato na'urar da ke haɗa faifan a cikin saba, ba sa barin umarnin ya isa ga faifai. Sai faifan su ɗauka cike suke maƙil, su yi ta jigilar bayanan da aka riga aka goge. Ga kuma RAID 5, da kowane ɗan ƙaramin rubutu ke jawo karatu biyu da rubutu biyu saboda lissafin kariya.

Bai taɓa komai ba sai da ya kwafe bayanan wuri biyu, ya gwada cewa kwafin na buɗewa. Sannan ya wanke kowane faifai tas, ya cire katin daga hanya, ya haɗa RAID 10, tsarin da faifai bibbiyu ke kwafar juna, da manhajar mdadm ta Linux, wadda ke barin TRIM ya wuce. Ya bar kashi 20 cikin ɗari na kowane faifai ba a raba ba domin ya samu wurin juyawa, ya sa fstrim, mai aika umarnin TRIM, ya riƙa aiki duk mako. Tun kafin ya fara ya gaya mana gaskiya: "Malam, wurin ajiyarku zai ragu daga na faifai uku zuwa ƙasa da na faifai biyu." Wannan gaskiyar ta fi komai burge mu.

Ya kuma ja kunnenmu cewa faifai biyu masu kwafar juna tare suke tsufa. A 2019 kamfanin HPE mai ƙera sabobi ya yi gargaɗin cewa wasu faifansa za su mutu da zarar sun cika awa 32,768 suna aiki, idan ba a sabunta manhajarsu ba. Waɗanda aka kunna rana ɗaya, kusan tare za su tafi. Shi ya sa ya ce a gaba kada mu sayi duka daga kwali ɗaya.

Abin da ke damunmu shi ne yadda ake cusa wa mutane faifan kwamfutar gida a saba, marasa kariyar ɗaukewar wuta, a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ga ƙurar hunturu na toshe fanka, ga zafin Afrilu. Babu mai yi maka bayani, sai dai a miƙo maka rasit.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya yi wa kasuwa albarka.

Ma'aikatan sashen adana bayanai, Tudun Wada, Zariya